Malmo, Alilliba, Ɗinya ko Kanya: Wanne Ya Dace da Filinka a Ƙasar Katsina da Daura?

Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila ya leƙa kurmin Ngel Nyaki, ko ya zaga ƙauyukan gefen Jos da damina, yakan sauko da sha'awar itatuwan can. Ganye kore shar, inuwa mai sanyi, 'ya'ya na zuba ƙasa birai da tsuntsaye na wawaso. Daga nan tambaya ke tasowa: me zai hana a kawo irinsu a dasa a Batagarawa ko Sandamu? Itatuwa biyu na kurmin tsauni ne aka fi tambaya a kansu, domin ana shan 'ya'yansu, kuma Bahaushe ya san su har ya raɗa musu suna, wato malmo da alilliba. Ga kuma namu na gida da ke son irin wurin da waɗancan ke so, ɗinya da kanya, wadda wasu dattawa ke cewa kaiwa. Filin mutum ƙayyadadde ne, ruwan da zai iya ɗauka da rani ƙayyadadde ne, shekarun da aka ɓata ana jiran icce kuma ba sa dawowa. Dole a zaɓa.

Mu faɗi hukuncinmu tun farko don kada a sha wahalar nema: rijiyar maƙwabcinka ce za ta yi maka zaɓi. Ka je ka leƙa ta a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da ruwa ya fi ja da baya, ka ƙirga gaba nawa guga ke yi kafin ya taɓa ruwa. Duk sauran bayanin da ke tafe rataye yake da wannan lissafin.

Dalili kuwa a fili yake idan aka jera alƙaluma. Birnin Katsina da Daura suna zaune a kan tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 500 daga doron teku, ruwan shekara kuma yana kai-komo tsakanin milimita 500 da 700, kusan duka a cikin wata huɗu, Yuni zuwa Satumba. A kudancin jiha, wajen Funtuwa, Bakori da Ɗandume, yakan kai 1,000. Ngel Nyaki kuwa, a ƙasar Taraba, tsayinsa tsakanin mita 1,400 da 1,600 ne, ruwansa kimanin milimita 1,800, daminarsa ta haura wata bakwai. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ke nan ɗan wannan gurbin yana shan jarka 72 mai lita 25 a Ngel Nyaki cikin shekara, a Daura kuma jarka 24 in an yi damina matsakaiciya. Ga batun zafi: duk hawan mita dubu yana rage kusan digiri 6, shi ya sa mutumin Gembu ke sa rigar sanyi a watan da mutumin Katsina ke kwana a tsakar gida zafi ya haura 40. Icen kurmi ya saba da gajimare mai rufe shi da safe da iska mai laima. A nan abin da zai tarar shi ne iskar hunturu wadda ke tsotse ruwan ganye kamar an shanya shi a kan kwano.

Wannan bai nufin a haƙura da su duka biyun. Malmo da alilliba ba halinsu ɗaya ba.

Malmo, wanda masana ke kira Syzygium guineense, ɗan'uwan gwaiba ne da kanumfari da icen turare. In ka murza ganyensa za ka ji ɗan ƙamshi irin na danginsa. Ganyen na fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, masu sheƙi, sabon toho kuma ja-ja ne kafin ya koma kore. Furensa fari ne mai gashi-gashi kamar buroshi, ƙudan zuma na rububinsa. Ɗan kuma dogo-dogo ne kamar ƙaramin dabino, ya fara kore, ya yi ja, ya ƙare baƙi mai shuɗi-shuɗi, da ƙwallo ɗaya a ciki. Yana da zaƙi da ɗan bauri, kuma yana rina harshe da riga. A Habasha dokma suke ce masa, suna barinsa a gonakin kofi don inuwa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne malmo iri-iri ne. Akwai na kurmin tsauni, dogo miƙaƙƙe da kan kai mita 30. Akwai na bakin rafi, wanda ake gani a gefen ƙoramu a ƙasar Zazzau da kudu da ita, mai jure tsayuwar ruwa a gindinsa. Akwai na dajin savana, gajere mai kaurin ɓawo da manyan 'ya'ya, wanda gobarar daji ba ta kashe shi. Sannan akwai ɗan'uwansu na Indiya da ake dasawa a lambuna da gidajen gwamnati, shi ma wasu malmo suke ce masa. Wanda ya ɗauko irin na tsauni ya kawo Kaita ya ɗauko mafi rauni cikinsu ga zafinmu. In dai malmo ake so, a nemi iri daga uwar da ke tsaye a bakin rafi a ƙasa mai zafi, mafi kusa da inda za a dasa. Tambayar da ya kamata ka yi wa mai sayar da dashe ke nan kafin ka tambayi kuɗi: "Malam, uwar wannan a ina take?" In ya kasa faɗa, ka yi gaba.

Matsala ta biyu ita ce ƙwallon malmo ba ya ajiyuwa. Ba irin gero ba ne da za a shanya a zuba a rumbu. Da zarar ya bushe ya mutu, kuma bushewar ba ta ɗaukar kwanaki da yawa. Ƙa'idar masu reno ita ce a tsinko nunannun 'ya'ya, a murje naman, a wanke, a shuka cikin awa 24. In an yi haka, takwas ko tara cikin goma kan tsiro, tsakanin mako uku da bakwai. In kuwa aka zuba su a aljihun mota aka kwana biyu a hanya rana na dukansu, ko ɗaya ba lalle ya fito ba, sai mutum ya yi ta zargin ƙasa ko leda. Wanda tafiya ta kama shi dole, ya bar ƙwallon cikin namansa, ya sa a cikin garin katako mai ɗan laima, a kwali ko buhun da iska ke ratsawa, kada ya ɗaure a leda domin zai yi zafi ya ruɓe.

Ga kuma wani ƙulli na lokaci. Malmo na fure da rani, 'ya'yan su nuna daga bazara zuwa cikin damina. Tun da ba a iya ajiye irin, lokacin nan za a shuka shi, kuma ba zai yi ƙwarin da za a fitar da shi fili a wannan daminar ba. Sai an rene shi ya ƙetare rani guda a rumfa, a dasa a Yulin shekara mai zuwa. Shekara guda cur ke nan a leda, don haka ƙaramar ledar da ake renon bedi da turare ba ta isa ba. A nemi mai faɗin santimita 15 da zurfin 25 zuwa 30, a riƙa ɗaga ta duk bayan mako biyu ko uku don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

Bayan duk wannan wahala, me za a samu? Inuwa mai kyau wadda ba ta kaɗewa da rani, fure ga mai amya, katako ja mai ƙarfi, da 'ya'yan da yara za su so. Amma 'ya'yan ba sa jure hanya. Kwana ɗaya zuwa biyu sun yi laushi sun fara tsami, kuma a kasuwannin arewacin Katsina ba kowa ya san su ba balle ya ciro kuɗi. Malmo icen sha'awa ne da inuwa ga mai fadama. Wanda rijiyarsa ke ba da ruwa a gaba biyu ko ƙasa da haka cikin Afrilu, ko mai lambu a bakin madatsun ruwa irin na Jibiya, Zobe, Ajiwa, Sabke ko Daberam inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi, zai iya gwada biyu ko uku a gefen magudanar ruwa. A jigawa kuwa ganyensa zai fara ƙonewa daga baki-baki tun watan Fabrairu, ya zube, icen ya tsaya shekara da shekaru bai mutu ba bai girma ba, yana cin ruwan da ya isa ya rayar da ɗinya uku.

Alilliba, ko alulluba, labarinta daban. Sunanta a littattafan masana Cordia africana, kuma asalinta gefen kurmi ne da gangaren tsaunuka, daga tsayin mita 550 har 2,600, a Habasha da Kenya da Kamaru da tudun Jos. Amma ta fi malmo haƙuri nesa ba kusa ba. Tana rayuwa daga ruwan milimita 700 zuwa sama, kuma dabararta ita ce kaɗe ganye da rani ta yi kwance har ruwa ya dawo. Shi ya sa tun da daɗewa ake samunta a garuruwan Hausa, a ƙofar gida da bakin kasuwa. Ganyenta faffaɗa ne, samansa kaushi, ƙasansa laushi. In ta yi fure sai ka ɗauka an yayyafa mata auduga, fararen furanni masu siffar mazurari cunkus a kan reshe, ƙudan zuma na kuka a ciki tun hantsi. 'Ya'yan ƙanana ne kamar gujiya, rawaya in sun nuna, namansu zaƙi da yauƙi mai danƙo har yara kan liƙa takarda da shi. Da su ake yin alewa da maɗi tun zamanin kakanni. Mutanen Habasha wanza suke kiranta, kuma katakonta na cikin waɗanda suka fi daraja a wurinsu don kujeru, ƙofofi, ganguna da amya, har ta kai hukuma ta sa ta cikin itatuwan da aka hana sarewa a daji.

Cikin huɗun nan ita ce mai saurin girma, kuma takan fara fure tana da shekara 3 zuwa 5. Irinta na ajiyuwa har shekara in an wanke shi an shanya a inuwa. Wankin ne ke ba mutane wuya saboda yauƙi: a zuba 'ya'yan a bokiti da rairayi da ruwa kaɗan, a cuɗa da hannu har ƙwallon ya fita fes, a ɗauraye. In aka bar naman a jiki, fumfuna za ta kama shi kuma tururuwa za su yi dandazo a ledar. Kafin shuka a jiƙa a ruwan sanyi yini guda. Tsiro na ɗaukar kwana 40 zuwa 60, dashen kuma na bukatar wata biyar ko shida a leda, saboda haka Disamba ko farkon Janairu ne lokacin shuka ga mai son dasawa a Yuli.

Aibinta biyu. Na farko, in aka bar ta da kanta ba ta miƙewa, takan karkace ta yi rassa tun daga gwiwa. Mai son katako sai ya kafa mata sanda ya riƙa rage rassan ƙasa duk shekara da wuƙa mai kaifi, yana barin kashi biyu cikin uku na ganyen. Na biyu, ruwan Daura da Mai'aduwa da Zangon Daura ya gaza abin da take bukata a mafi yawan shekaru. A Funtuwa da Malumfashi da Ƙafur za ta tsaya a bakin gona bayan an taimaka mata rani biyu. A arewa kuwa wurinta cikin gida ne ko ƙofar gida, kusa da inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke gangarawa, ko lambun da ake ban-ruwa dama. Ruwan omo mai yawa dai a kauce masa, yana tara gishiri a ƙasa ganye ya yi rawaya.

To, ɗinya fa? Ɗinya ba baƙuwa ba ce, amma kada a ɗauka icen jigawa ce. Ita ma ta fi sakewa inda ruwa ya kai milimita 750 zuwa sama, kuma duk tsohuwar ɗinyar da ka gani a arewacin Katsina, duba da kyau za ka ga a kwari take, ko bakin fadama, ko gefen tsohon gulbi inda saiwarta ta kai ga ruwa. Bambancinta da malmo shi ne ta san zafinmu. Tana kaɗe ganye da rani, ta fitar da sabon toho da bazara tun kafin ruwa ya sauka, kuma wannan tohon shi ne ɗinkin da mata ke dafawa su kwaɗanta da ƙuli-ƙuli a daidai lokacin da ganye ya yi wuya. Ke nan icce ɗaya na ba da abinci sau biyu: ɗinkin da bazara, 'ya'ya kuma wajen ƙarshen damina zuwa kaka. Babu ɗaya cikin sauran ukun da ke yin haka.

Kasuwarta kuma a shirye take. Ba sai an yi wa kowa bayanin ɗinya ba, daga tasha har ƙofar makaranta. Ana iya tsince ta tana kore in ta ƙosa, a rufe a ƙaiƙayi ko toka ta nuna a gida, abin da ke ba mai ita damar kai ta kasuwa ba tare da ta dagargaje a hanya ba. Wadda ta yi yawa a yi maɗi: a zuba nunannun a ruwa, a dama da hannu har nama ya rabu da ƙwallo, a tace, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri ya yi baƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara wuta a ƙarshe don a gama da wuri, sai ya kama gindin tukunya ya yi ɗaci. Da ya fara kauri a janye itace a bar garwashi.

Wahalar ɗinya a ƙwallonta take. Ƙashi ne mai tauri da ɗakuna har huɗu a ciki, kuma in aka binne shi haka nan yakan yi watanni bai motsa ba, ya fito ɗaya yau ɗaya wata mai zuwa. Hanyoyi biyu ke rage jiran. Ko dai a tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba ƙwallayen a bar su a ciki har kwana guda, ko kuma a goga gefe ɗaya a kan dutse ko a ɗan ƙwanƙwasa da guduma har ya tsage ba tare da an farfasa shi ba. Tafasa su a kan wuta kisa ne. Wani lokaci ƙwallo ɗaya ya ba da tsiro biyu ko uku, sai a raba su tun suna da ganye huɗu. Akwai kuma gajeriyar hanya: ɗinya na fitar da sabon toho daga saiwa. In akwai uwa mai manyan 'ya'ya masu zaƙi a kusa, da izinin mai ita a tono saiwa mai kaurin babban yatsa, a yanko tsawon taƙi guda, a kwantar a leda da farkon damina. Abin da ya tsiro halin uwar zai ɗauko sak, wanda ba a da tabbacinsa in daga ƙwallo ne.

Kanya ce mai jure ƙarancin ruwa fiye da duka, tana tsayawa daga milimita 500, musamman a kan tsohon suri ko bakin kwari inda ƙasa ke da laka. Ba ta cika kaɗe ganye ba, inuwarta mai duhu ce, ɓawonta baƙi, icenta mai nauyi ne gara ba ta cika cinsa ba, shi ya sa ake nemansa don ƙotar fartanya da rufin ɗaki. 'Ya'yanta na nuna da sanyi, lokacin da babu ɗinya babu mangwaro, kuma suna bushewa su ajiyu watanni. Ɗanyarta bauri ne zalla, sai ta yi rawaya ta yi laushi ake jin daɗinta.

Sai dai kanya na da sirrin da ke karya zuciyar mai dashe: akwai mace akwai namiji, kowanne icce daban. Namiji fure kawai yake yi, ba ya 'ya'ya har abada, macen kuma ba ta ɗauka sosai sai da namiji a kusa. Ba a gane su a leda, sai ranar da suka fara fure, kuma kanya ba ta gaggawa, shekaru masu yawa ake jira. Mutum ya dasa ɗaya tak a gida, ya yi ta ba ta ruwa har 'ya'yansa su girma, sannan ya gano namiji ne. Kanya ta nuna biri ya karye ma ya fi wannan sauƙi, domin can aƙalla ta nuna. In muka ɗauka rabin iri mata ne rabi maza, wanda ya dasa biyu yana da yiwuwar rabi da rabi su fito jinsi guda. Wanda ya dasa biyar, yiwuwar ta sauko zuwa ɗaya cikin 16. Saboda haka a dasa biyar ko shida, in sun bayyana a bar namiji ɗaya a sare sauran mazan a yi amfani da icen.

Shukarta ba wuya: a jiƙa iri a ruwan zafi da aka sauke, ya kwana, a binne zurfin gaɓar yatsa, a jira har mako bakwai. Uwar saiwarta doguwa ce kuma ba ta son a taɓa ta, don haka shuka kai tsaye a ramin da za ta zauna ya fi, ƙwaya uku a rami, a rufe da ƙaya saboda kurege da ɓera, daga baya a bar mai ƙarfi.

Amma kafin a sayi leda ko ɗaya, a zaga gonar tukuna. Sau da yawa akwai kututturen kanya ko ɗinya da ake sassabewa duk shekara, yana tohowa ana sarewa. Ƙarƙashinsa akwai saiwar da ta riga ta kai ga ruwa tun zamanin kakan mai gonar. A zaɓi toho biyu ko uku mafi miƙewa, a yanke sauran, a ɗaura musu jan ƙyalle don 'yan ƙwadago su gane. Wannan shi ne sassaben zamani da manoman ƙasar Maraɗi suka kama tun shekarun 1980 har gonakinsu suka sake cika da itatuwa. Tohon kututture na yin girman da dashen leda ba zai yi ba cikin shekaru ninki biyu, kuma ba ya neman jarka ko ɗaya.

Game da amfanin gona, duka huɗun suna da ganye da damina, ba kamar gawo ba da ke tuɓewa ya bar gero ya sha rana. Kanya da malmo sun fi danne abin da ke ƙarƙashinsu, ɗinya na biye, alilliba ta fi sauƙi in ana rage mata rassa. Wurinsu bakin iyaka ne ko kusurwa, da tazarar taku 10 zuwa 12 tsakanin kanya ko ɗinya, 8 zuwa 10 ga malmo da alilliba. A ja su ciki kaɗan daga kan iyaka, domin inuwar da ta faɗa gonar maƙwabci ta sha kai mutane gaban mai gari. A cikin gida kuma kada a kusanta su da katanga, rijiya ko shadda ƙasa da taku 8.

Dasawar iri ɗaya ce ga dukansu. Ƙasar leda: kwano biyu na ƙasar sama, ɗaya na rairayi, ɗaya na takin da ya ruɓe ya huce. Ɗanyen taki na ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Ramin a haƙa shi tun Mayu, santimita 60 faɗi da zurfi, in an ci karo da marmara a fasa ta da diga, in ba haka ba ramin ya zama tukunya ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. A jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, a dasa da yamma. A yanke gindin ledar da reza kimanin yatsa guda don a cire saiwar da ta naɗe, a tsaga gefe a zare ledar gaba ɗaya. Saiwar da aka bari a naɗe ita ce ke shaƙe icce bayan shekara uku, mutum ya rasa dalili. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, a yi masa kwari mai siffar rabin wata ta gefen gangare don ya tare ruwan sama. Dashen da aka yi a ƙarshen Agusta yawanci ba ya ganin bazara.

Sai lissafin rani. Daga Oktoba zuwa Mayu mako 34 ne. Jarka ɗaya sau biyu a mako ga kowane icce ya kama jarka 68, lita 1,700. Itatuwa goma, jarka 680. Kanya da ɗinya da alilliba a wurin da ya dace rani biyu suke nema a yaye su. Malmo a wurin da bai dace ba ba a yaye shi. Wanda rijiyar unguwarsu ta wuce gaba goma, filinsa kuma sabara da geza da tumfafiya ne kawai ke fitowa, gara ya bar huɗun nan ya koma ga magarya, kurna, aduwa, tsamiya ko kuka. Inda ɓaure, giginya da mangwaro ke tsaye ba mai ba su ruwa, nan ne ɗinya za ta yi, alilliba ta yi, malmo ma a gwada shi a mafi danshin kusurwa. Tsakanin waɗannan biyun, a kwari mai laka ko gefen suri, kanya ce.

Ana iya rage yawan jarkar da tulu. A samu sabon tulun da ba a shafe ba, mai cin lita 10 zuwa 15, a binne shi har wuya taƙi ɗaya daga gindin dashen, a cika a rufe da murfi. Ruwan na tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta shanye shi. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshen ganyen bedi kewaye, amma a bar yatsa huɗu tsakaninsa da jikin icen, a barbaɗa toka a wannan tazarar duk wata saboda gara. Shinge kuwa ba zaɓi ba ne. Da an kwashe amfani aka saki dabbobi, akuya ɗinya da alilliba za ta fara nema, ta cinye kan ta ɓare ɓawon. Ƙayar magarya da aka kafa da turaka huɗu na yin shekara guda kafin a sabunta, kejin bulo mai ramuka na yin har ƙarshe, muddin faɗinsa ya kai mita ɗaya don kada zafin bulon ya gasa ganyen cikin Afrilu. Ba a cire shi sai kan icen ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe a kan ƙafafun baya, kimanin mita biyu, jikinsa kuma ya kai kaurin ƙotar gatari.